Rigar Torleif

Wata guda rana ta yi yaji a Lofoten,
sai duhu da ƙanƙara.
Gunnvor ta tsoma rigar sanyin mijinta a baho,
ƙarnin kifi ya ce allambaran,
ya ga wurin zama.

Sabulu ya sha kaye.
Ta zuba ruwan khal kofi guda,
rigar ta kwana ciki.
Da safe garin soda,
ta cuɗa wuya da hammata,
ta matse rabin lemun tsami.

Babu ranar shanya.
Ta rataye ta waje,
iskar teku ta sandarar da ita kamar busasshen kifi.

Torleif ya shinshina, ya yi dariya:
"Yau kyanwarmu za ta ɗauka baƙo ne."
Da asuba ya saka ta,
ya koma teku.