Bolt Biyar

A ɗakin ƙasa na gidanmu a Racine,
inda bututun ruwa ke tari da daddare,
injin finbol na Baba ya shekara shida a mace,
bargo a kansa, gwangwanayen fenti a kan bargon.
Na sa filogi. Ya yi gurnani,
ya saki warin dalma da ƙonannen gashi,
sai shiru.

Orville Pruitt ya zo ran Asabar,
dusar ƙanƙara a kafaɗa, mita a aljihu,
tabarau biyu, ɗaya a hanci, ɗaya a ka.
Ya buɗe kan injin, ya leƙa kamar likitan haƙori,
ya ja tsaki.
"Allon wutar ne, Marlene. Matso ki gani.
Kwandansa ta kumbura kamar kwaɗo,
haƙoran soket sun yi baƙi ƙirin.
Ƙwaƙwalwar injin nan bolt biyar take ci,
ba huɗu da rabi ba, ba shida ba.
Ba ta san a yi maneji ba."

Ya lissafa mini hanya uku a bayan ambulan.
Ko a yi wa tsohon aiki, sati uku, babu alkawari.
Ko sabo, dala ɗari da arba'in,
wani a Oregon yake haɗa su a garejinsa,
ramukan kusa daidai da na asali,
da 'yan fitilu kore masu cewa lafiya lau.
Ko wani na dala hamsin, ba suna, ba zane,
ba wanda za ka kira in ya yi hayaƙi.
Ya soke na ukun da biro tun ban yi magana ba.
Araha ba ta ado.

"Amma kafin ki kashe ko sisi," in ji shi,
"sai mun auna taransifoma, mun canza haƙoran nan.
Sabon allo a kan ƙonannen soket
sabon takalmi ne, ƙaya tana ciki."

Da ya kwance tsohon, na juya bayansa.
Fensir. Hannun Baba, mai karkata hagu.
Maris 84, fiyus.
Yuli 91, fiyus kuma, laifina ne.
Sai can ƙasa, kusa da inda ya ƙone:
Nuwamba 97, Marlene ta cinye ni, 412,600.
Bai taɓa faɗa mini ya rubuta ba.
A daren ma cewa ya yi teburin ya karkace.

Kwana huɗu ambulan ɗin yana kan firiji.
Na tsaya a layin banki ina tunanin kwandansa.
Wanda ya ce a bar wa tsoho zuciyarsa
bai ji warin da na ji ba.
Ran na biyar na aika wa mutumin Oregon kuɗinsa.

Kusa huɗu, soket shida, sabbin haƙora.
Orville ya ɗora mita: biyar cif.
Fitilu suka tashi gaba ɗaya, ja da ruwan lemo,
ƙararrawa ta buga sau uku,
lambobi suka jeru, sifiri, sifiri, sifiri,
tsaye kyam, ko motsi babu.

Ni kuwa na saba da fitilar kusurwar dama
tana ƙyafta mini ido in na kusa faɗuwa.
Shekara talatin na ɗauka wasa take da ni.
Ashe ciwo ne.

Tsohon allon yana rataye a ƙusa yanzu,
bayansa a waje, inda fensir yake.
Na ja sanda, na saki.
Ƙwallon ƙarfe ta hau, ta zaga, ta daki wannan, ta daki wancan,
ta sauko ta tsakiya sak,
tsakanin fikafikan biyu, kamar yadda ta saba.

Orville yana naɗe wayar mitarsa, bai ɗago ba.
"Wannan kuma," ya ce, "ba a sayar da allonsa."