Babban Yatsan Tsalha

Kakana Tsalha marini ne a Ƙofar Mata,
hannunsa shuɗi har gwiwa,
sabulun salo ma ya gaji, bai fitar ba.

Ran da ya je En'e karɓar kuɗin rini,
akawu ya cafki babban yatsansa kamar na goyo,
ya tsoma a tawada, ya danna a takarda,
shuɗi a kan shuɗi,
ya ce, "Na gaba," ko fuskarsa bai duba ba.

Mutumin da ya sauke tun gemu bai tsiro ba!
Bayan ƙyaurensa cike da bashi cikin ajami:
turmi uku na wane, wance saura sule biyu,
bai taɓa ɓatar da ko anini ba.

Sai aka yi shela: a fito yaƙi da jahilci.
Sunan ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.
Ya ce, "Wane ne jahilin?"
Ya kwana uku yana faɗa da tabarma,
na huɗu bayan lisha ya ɗauki fitilar ƙwai,
ya nufi zauren mai unguwa, bai yi wa kowa sallama ba.

Malamin yaro ne, da shi aka ci tuwon sunansa.
Hannun da ya saba tashi daga dama
aka ce yanzu daga hagu zai faro.
Alli ya karye, ya sake karyewa.
Wata bakwai kafin sunan ya miƙe a layi,
harafi na biyun yana kallon baya,
har ya rasu bai juyo da shi ba.

Uwata Dije sharar asibiti take.
A zamaninta jami'a ta gaji da zama bayan katanga,
sai ta riƙa aiko malamai cikin gari da la'asar,
wani a basfa, wani a keke da littafi a kariya.
Ajin 'yan firamare aka ara musu a Shahuci,
manya a bencin yara, gwiwa na dukan tebur,
masinja, tela, ɗan doka da bai cire takalmi ba.

Ni ne a bayanta, ina jan ɗankwali.
Lissafi ya kayar da ita sau biyu.
Na uku ta dawo da takarda a cikin zani,
ta ajiye gaban kakana,
ya juya ta, ya juya, ya sa yatsa yana bin baƙi,
ya kai sunansa a ƙarshen nata,
ya tashi ya ce zai je alwala,
alhali lokacin salla bai yi ba.

Yau ni nake riƙe da alli a Gwammaja.
Akwai Hajiya Kilishi mai atamfa a Kwari,
ta gaji da yaron shago yana karanta mata saƙon banki.
Akwai Ɗan'asabe mai faci, kullum a makare,
da direbobin adaidaita biyu masu gyangyaɗi.
In an ɗauke wuta a kunna fitilar waya,
ba mu taɓa tashi don duhu ba.

Daren Laraba wani dattijo ya shigo,
rawaninsa fes, carbi a wuya.
Na miƙa masa rajista,
sai ya miƙo mini babban yatsa,
yana waige-waigen inda tawada take.

Na sa masa biro a tsakanin yatsu.
Ya ce, "Ɗana, ban iya ba."
Na ce, "Baba, da wanne ka iya?"
Ya yi shiru, ya gyara zama,
ya faro daga dama.
Na bar shi ya kai ƙarshe, ban goge ba.