Sau Talatin da Bakwai Na Mutu

Shandiin, jikata, rage muryar akwatin nan,
an kusa zuwa wurin.
Dubi can gefen hagu, mai dokin akawal.
Ni ne. Ƙirga uku.
To, kin gani, kakanki ya riga mu gidan gaskiya.

Sau talatin da bakwai na mutu a bayan Kayenta,
tsakanin jajayen duwatsun nan
masu kama da turame a kife.
Dala takwas kowace mutuwa,
sha biyu in doki ya bi ta kaina.
Da mutuwa na sai wa kakarki tumaki,
da mutuwa na yi wa ɗakin nan rufin kwano.

Mai farar hula ba ya kuskure.
Harsashinsa shida, mu ashirin,
amma lissafi bai taɓa ba shi kunya ba.
Ya hure hayaƙin bakin bindiga,
kiɗa ya tashi, 'yan kallo su tafa,
a ce gaskiya ta yi halinta.
Ba mai tambayar rijiyar wa ake faɗa a kai,
ko wa ya riga wani shan ruwanta.

In an kashe fitilu kuwa, sunansa Dale,
gyambon ciki gare shi, madara yake sha,
yana tsoron doki kamar mutuwarsa.
Ya taɓa ɓare mini lemo da hannunsa
mintuna kaɗan kafin ya harbe ni.

Wata rana darakta ya ce,
"Leroy, faɗi wani abu da yarenku,
ko mene ne, in dai ka murtuke fuska."
Na dubi jarumi ido cikin ido
na ce masa takalminsa na wari.
A ƙasan hoton suka rubuta:
Zan ƙone garinku kafin wata ya tsaya.
Mutanenmu sun yi dariya a silima har da hawaye,
sauran 'yan kallo suna ta waiwaye.

Mutuwar gaske sau ɗaya na gani.
Ƙanena Tully, a bakin shingen waya,
kan ɗan maraƙin da ya ɓata.
Ba kiɗa. Bai wuntsila ba yadda nake yi.
Zama kawai ya yi kamar wanda ya gaji,
ya ce in miƙo masa hularsa.

Mutum goma sha biyu suka shiga ɗakin shawara,
suka fito kafin kofinsu ya huce.
Duk na san fuskokinsu daga layin sayen tikiti.
Sun sha ganin irinmu na faɗuwa,
sun san tun tuni wa ke da laifi.

Daren nan na ɗauki bindigar babanmu,
mai harsashin gaske,
na kwanta bayan garken mutumin har asuba.
Ya fito da fitila, yana tari,
'yarsa na biye da shi da bokitin tatsa,
ta sa takalmansa, suna mata yawa.
Yatsana ya ƙi.
Shekara sittin ina juya abin,
ban san ko kirki ne ko tsoro ba.
A fim da an ba shi suna.

Da hantsi na tafi aiki,
na mutu ƙarfe goma, na karɓi dala takwas.

A'a, kada ki kashe. Mayar da shi baya kaɗan.
Bar kallon jarumi, kowa shi yake kallo.
Dubi ƙasa, kusa da ƙafar dokinsa,
gawa ta uku, wadda ta kifa ciki.
Kin ga hannun?
Cinnaka ne ya shige mini riga.
Darakta bai lura ba, mai yankan fim bai lura ba,
duniya ta kalla ba ta lura ba.

Duk tsawon fim ɗin nan, Shandiin,
nan kaɗai aka faɗi gaskiya:
wanda suka ce sun gama da shi
yana susa.