Sabar da Ta Ɗauka Dare Ne

Ƙarfe goma da 'yan mintoci, ranar Litinin,
Kachollom ta leƙo ƙofata:
"Tasi'u, foldar nan ta sake."
Ba ta ce ta sake me ba. Na sani.

Hawa na biyu, bayan Taminus,
mu tara, saba ɗaya,
rasit ɗin dankali da na tumatir mai tafiya Kudu
duk a rumbu guda.
Ka danna fayil, 'yar da'irar nan ta hau zagaye
kamar akuya a turke.
Ka sauka ka sha shayin Ɗanladi ka hauro,
tana nan tana cin igiyarta.

Na fara daga ƙasa, yadda ake neman kuɗin da ya faɗi.
Na durƙusa bayan tebur, na bi kebul da yatsa
ko ɓera ya yi walima. Lafiya lau.
Na yi wa sabar sallama ta waya,
ta amsa kafin in rufe baki.
Hanya dai ba ta da laifi.
Na zargi manhajar tsaro,
mai tsayar da kowace takarda kamar sojan shinge.
Na zargi Gyang na lissafi,
wanda bara ya juye bidiyon bikin ƙanwarsa cikin foldar haraji.
Ya rantse. Na duba. Gaskiyarsa.

Waya ta yi ƙara. Oga Barau ne daga Farin Gada:
tirela ta cika, direba na hura hanci,
takardar kaya ba ta fito ba.
"Tumatir ba ya jiran gyara, Tasi'u."

Sai na zauna gabanta, na yi shiru.
Fitilar faifai ba ta ƙiftawa,
a kunne take ƙyam, kamar idon mai zazzaɓi.
Wani aiki take yi, ba namu ba.
Na kai ido kusurwar allo:
ƙarfe ɗaya da kwata. Na dare.
A waje kuwa rana na kan duwatsu,
masu keke na ta rabon fasinja.

Ashe ran Asabar da aka ɗauke wuta
ɗan batirin cikinta, mai faɗin kwabo, ya cika.
Ta farka ba ta san lokaci ba,
ta ga duhu a agogonta,
ta ɗauka kowa ya tafi gida,
ta hau kwafe rumbun gaba ɗaya, fayil bayan fayil,
yadda na umarce ta shekara uku da suka wuce
na kuma manta.

Na mayar mata da hantsi.
Naira ɗari biyar wurin mai gyaran agogo a ƙasan bene,
har da canji.

Daga can ciki Kachollom ta ce, "Ta buɗe!"
Firinta ta yi tari, ta tofo takardar Oga.
Babu wanda ya tambayi me ya faru.

Na ɗan bar tafina a jikin ƙarfen. Da ɗumi.
A littafin aiki na rubuta: batiri.
Sauran ban rubuta ba.