Kirikae

A harshenmu kalma biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya:
kiri, a yanke; kae, a musanya.
Yara kan furta ta tamkar alewa,
sai an girma ake jin kaifinta a dasashi.

A bakin mahaifina Tokuji na fara jin ta,
mai karkatar da layin dogo a wata 'yar tasha
can arewa, inda dusar ƙanƙara kan binne shinge har wuya.
Tun duhun asuba yake fita da tsintsiya da fitila,
ya share tsakanin ƙarafa,
ya kunna 'yan wutar kananzir a ƙarƙashinsu
kada sanyi ya ɗaure wa ƙarfe harshe.
Sai ya kama sandar da hannu bibbiyu,
ya jingina mata nauyinsa duka.
Ƙarau!
Jirgin da ya nufi teku ya juya ya nufi duwatsu,
fasinja na barci, ko shayinsu bai zube ba.

Uwata Kinue a kan keken ɗinki ta san ta.
Inda shuɗin yadi ya ƙare, fari ya karɓa,
ƙasa da ƙirji kaɗan,
wannan layin ma sunansa ke nan.
Takan ce da allura a leɓe:
ba a gane tela a tsakiyar yadi, sai a gaɓa.

A makaranta, in ƙwallo ta faɗi a ɓangarenmu,
malama Hatsumi ta tafa: Kirikae! Kirikae!
Abin da ya zube ya zube, ɗaga kai, ga wata nan tafe.
Muka iya haɗiye kuka kafin a busa usur.

Na girma, na sauka birni.
Ina danna ta sau ɗari a yini:
fuskar ofis, fuskar gida,
muryar waya, muryar gaske,
na'urar ɗaki daga ɗumi zuwa sanyi in bazara ta kama.
Har na ɗauka mutum ma makunni ne a jikin bango,
sama haske, ƙasa duhu,
babu komai a tsakani.

Sai Tokuji ya rasu a watan biyu.
Kwana bakwai aka ba ni.
Ranar da na koma, shugabanmu Kuramochi,
mutumin kirki, wallahi ba da mugunta ba,
ya ajiye min kofin shayi, ya sassauta murya:
sannu a hankali, a yi kirikae.
Na rusuna. Na ce to.
Na laluba ƙirjina ina neman sandar,
na jingina mata nauyina duka,
ko motsi.

A jirgin dare, goshina a kan gilashi,
muka taka wata mararraba, ƙafafun jirgi suka yi gargada,
sai maganarsa ta faɗo min, ina 'yar shekara tara,
hancina ja, safar hannunsa a hannuna har gwiwa:
Duba nan, Sayo.
Akwai ɗan lokacin da harshen ƙarfen
ya saki wannan layi, bai kama wancan ba.
Numfashi guda ne, amma nan ne aikin yake.
Muddin yana nan, jar fitila ake kunnawa.
Ko jirgin wa ke tafe, ya jira.

Ashe kalmar da ɗaki a cikinta,
tsakanin yanke da sauya,
mu ne muke wuce ƙofarsa a guje.

Yanzu nan nake zaune.
Na kunna jar fitilata, ban ba kowa haƙuri ba.
Kullum da safe nakan share ƙanƙarar da ta taru,
in sa 'yar wuta a ƙarƙashi,
in taɓa sandar, in ji ko ta saki.
Jiya ta ɗan yi ƙara.
Ban matsa mata ba.