Rariya

Ƙarfe shida na zuba ampisilin
cikin kunun agar, kafin ya daskare.
Shi ne dai wanda Baba Tsalha ke saye
a tiren mai kafso, bakin tashar Dakoro,
in tari ya hana shi barci.
Nan kuwa ba magani ba ne, rariya ce.

Na watsa ƙwayoyin cuta, dubun dubata.
Kaɗan suka haɗiye zoben da na ba su,
zoben da ke ɗauke da saƙona
da laƙanin tsira a ƙulli guda.
Ido bai rabe su.
Na rufe faranti, na kife,
na roƙi Allah kada wuta ta ɗauke.

Da safe, ɗigo goma sha bakwai,
kamar gero ya zube a tabarma.
Sauran ko alama.
Ba laifi suka yi ba,
hannu wofi suka zo.

Na tsinci uku da tsinken sakace,
saura na dafa a tukunyar tururi,
don mai wannan laƙani
bai kamata ya ga Gulbin Maradi ba.

Da dare Baba ya yi tari.
Ya miƙa hannu ga kafso,
na riƙe hannun.