Lamba Goma

Shekara ashirin da biyu a Bolari,
ƙarƙashin darbejiya, bayan gidan mai,
kayan aikina a buhun siminti suke kwana.
In na nemi sifana lamba goma
sai na zazzage buhun a ƙasa
ina tona kamar kaza a juji,
mai mota na tsaye yana duban agogo.

Gwiwa ce ta fara magana.
Ta ce, Jauro, tsugunon ya isa haka.
Daga mota zuwa buhu, daga buhu zuwa mota,
kullum kana taka nisan Kumo
ba ka bar inuwar bishiya ba.

Na je wani shago a hanyar Biu,
na ga keken kayan aiki, ja wur, ɗan ƙasar waje,
aljihu bakwai, sai ɗaukar ido yake.
Na durƙusa na dubi ƙafafunsa:
tayoyi mitsi-mitsi, na daɓen asibiti.
Garejina kuwa tsakuwa ce da baƙin mai,
da damina taɓo har idon sawu.
Na ƙwanƙwasa cikinsa, ya amsa kamar gwangwanin madara.
Mai shago ya faɗi kuɗi, na ce sai na dawo.

Lamela mai walda, mutumin Billiri,
shi ya saurare ni har na kai aya.
Yana ji yana zane a ƙasa da guntun rodi.
Na ce tsayinsa iya ƙuguna, na gaji da sunkuyo.
Tayoyin baro nake so, biyu masu juyi, a sa musu birki,
don filin nan gangare ne,
kada in waiga in tarar ya tafi kwata da arzikina.
Ya ce ƙarfe mai kauri zai ci kuɗi.
Na ce arha ba ta ado.

Ranar da ya iso ban karɓi aiki ba.
Ni da Bappayo muka shimfiɗa tsohuwar tabarma,
muka wanke ƙarafa da kananzir
ɗaya bayan ɗaya, kamar wankan jarirai.
Masu nauyi a ƙasa, jak da guduma da sifanar taya,
don abin da kansa ya fi gindinsa nauyi
ba ya daɗewa a tsaye, ko keke ko mutum.
Tsakiya filaya da zarto da sukudireba,
da gwangwanayen tumatir cike da noti, kowane da irinsa.
Sama, inda hannu ke zuwa ba sai ido ya raka shi ba,
sifanoni a jere, daga takwas har ashirin da huɗu,
ƙanne a gaba, yayye a baya.
Bappayo ya zagaye kowace da farin fenti,
wadda duk ta fita, siffarta na nan tana jira.

Aljihu guda na ware
wa tsohuwar sifanar maigidana, marigayi Bakoji,
lanƙwasasshiya, bakinta ya cinye, ba ta kama komai.
Yaron ya ce a sayar wa 'yan gwangwan.
Na ce rufe aljihun.

Yanzu in zan shiga ƙarƙashin mota
sai ya biyo ni yana kuka kamar ɗan akuya,
ya tsaya daidai inda zan miƙa hannu.

Jiya da magariba, za mu tashi,
na ja aljihun sama, sai ga giɓi:
farin zane, babu lamba goma.
Na yi wa Bappayo faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Bai ɗaga kai ba.
Sai da na je alwala, na sunkuya zan wanke ƙafa,
ta faɗo daga aljihun rigata, ƙwal, a kan buta.

Da safe na zo masa da kunu da ƙosai mai zafi.
Bai ce komai ba, ni ma haka.
Ya karɓe ta, ya goge da tsumma,
ya mayar da ita cikin giɓinta.